A Koyar da Ƙa'idar Faitagoras da Igiyar Magina

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sam mini fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani darasi guda ɗaya na lissafi, wanda ake koya wa 'ya'yanmu tun suna ƙaramar sakandare, yake kuma biyo su har ɗakin jarrabawar WAEC da NECO. Darasin shi ne neman tsawon gefen da ba a sani ba a alwatika mai tsayayyar kusurwa, wato alwatikar da ɗaya daga cikin kusurwoyinta uku take da digiri 90 cif, irin kusurwar da bangon da aka gina daidai yake yi da daɓen ɗaki. Na daɗe ina koyar da lissafi kafin in ajiye alli, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na tabbata ba wuyar darasin ce take kayar da yara ba, yadda muke koyar da shi ne, kuma ina cikin waɗanda suka yi wannan laifi shekara da shekaru.

Kwanakin baya ɗan maƙwabcina ya kawo mini aikin gida bayan sallar la'asar. Tambayar ta ce an jingina tsani mai tsawon ƙafa 13 a jikin bango, gindinsa yana nesa da bangon da ƙafa 5, a nemo tsayin inda kan tsanin ya taɓa bangon. Yaron ya ninka 13 sau 13 ya sami 169, ya ninka 5 sau 5 ya sami 25, ya haɗa su suka ba shi 194, ya nemi tushensu a kalkuleta, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 194, ya rubuta ƙafa 13.9, har ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsar. Ban ce masa ya yi kuskure ba. Na tambaye shi ne kawai ko ya taɓa ganin tsani mai ƙafa 13, wanda kuma aka karkata shi, ya kai tsayin da ya kusa ƙafa 14. Ya yi shiru, sannan ya fashe da dariya ya ce, “Malam, ai ko a tsaye aka ɗora shi ba zai wuce goma sha uku ba.” Ashe amsar hankali tana kansa tun farko, amma ba a taɓa gaya masa cewa an yarda ya shigo da hankalinsa cikin ajin lissafi ba. Da ya ɗebe 25 daga 169 ya sami 144, wanda tushensa 12 ne, sai ya ga tsanin ya tsaya a ƙafa 12, ƙasa da tsawonsa, kamar yadda duk mai ido zai zata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifin wannan yaro magini ne, kuma yaron yana bin sa wurin aiki duk ranar Asabar. Na roƙi uban ya bar ni in je in ga ranar da zai fitar da harsashin wani gida a bayan gari, ya ce bismilla. Da sassafe ya kafa turaku, ya ja igiya ɗaya ta gaban fulotin, ya ja ta biyu ta gefe, suka haɗu a turken kusurwa. Daga nan ya auna ƙafa 3 a kan igiyar farko ya ɗaura ƙyalle, ya auna ƙafa 4 a kan ta biyu ya ɗaura wani, ya miƙa wa ɗan nasa bakin tef ya ce ya auna tsakanin ƙyallayen biyu. “Nawa ka gani?” Yaron ya ce, “Biyar da inci ɗaya, Baba.” Uban ya ce, “Ta buɗe da yawa, je ka matso da wancan turken ciki kaɗan.” Aka matso, aka sake awo, aka sami biyar cif, sai ya buga turken da guduma ya tabbatar da shi. Bai tsaya nan ba, ya maimaita awon da ƙafa 9 da 12 da 15, domin a cewarsa ƙaramin awo yana ɓoye kuskure, babba ne yake tona shi. A ƙarshe, da aka rufe kusurwoyi huɗu, ya auna daga kowace kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, ya ga awon biyu sun zo ɗaya, sannan ya ce wa leburori su fara haƙa.

Na ja yaron gefe na ce ya ninka 3 sau 3, ya ninka 4 sau 4, ya haɗa. Ya ce 25. Na ce to 5 sau 5 fa? Kallon da ya yi mini ba zan manta da shi ba. Shekara uku yana riƙe wa mahaifinsa bakin tef, shekara uku kuma yana haddace ƙa'idar Faitagoras a makaranta, amma ba wanda ya taɓa nuna masa cewa abu ɗaya ne. Uban ya san uku, huɗu, biyar, bai san dalilinsu ba, kuma da za a ba shi ɗakin da ba ya karɓar waɗannan lambobi ba zai iya lissafa tsawon da ya kamata ya gani tsakanin kusurwoyi ba. Ɗan ya san haruffan da ake rubutawa a allo, bai san inda suke zaune a duniya ba. Kowannensu yana riƙe da rabin ilimin, suna kwana gida ɗaya.

Ƙa'idar kanta gajera ce. A alwatika mai tsayayyar kusurwa akwai gefe biyu da suka haɗu suka yi kusurwar, akwai kuma gefe na uku da yake fuskantarta, wanda ko yaushe shi ne mafi tsawo. Idan ka ninka kowane ɗaya daga gajerun biyu da kansa, ka haɗa abin da ka samu, zai yi daidai da abin da za ka samu idan ka ninka dogon da kansa. Saboda haka in dogon ne ba a sani ba, haɗawa za a yi kafin a nemi tushe, in kuwa ɗaya daga gajerun ne, ɗebewa za a yi. Wannan dogon gefe shi ne yara suke kira haifotenus, kalmar da ta fito daga harshen Girka, wadda ba ta gaya wa ɗan Bahaushe komai. Larabawa suna kiransa watar, wato tsarkiyar baka, kuma tun da na fara cewa tsarkiya a aji na lura ruɗanin ya ragu, domin wanda ya taɓa ganin baka ya san tsarkiya ita ce take miƙe daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Kurakuran da na riƙa gani a takardun ɗalibai ba su da yawa, sai dai suna maimaita kansu. Babbansu shi ne wanda ɗan maƙwabcina ya yi, haɗawa a inda ya kamata a ɗebe, kuma asalinsa shi ne mun saba zana alwatikar a zaune iri ɗaya, tsayayyar kusurwa a ƙasa ta hagu, tsarkiya tana gangarowa dama. Ranar da mai shirya jarrabawa ya juya zanen, tsarkiya ta koma ƙasa ta kwanta, sai yaro ya ɗauki duk gefen da ya ga ya karkace ya ce shi ne dogon. Maganin wannan shi ne a riƙa juya zanen kowace rana, a kuma hana yaro taɓa lamba sai ya fara ɗora yatsa a kan tsayayyar kusurwar ya nuna gefen da ke kallonta. Akwai masu ganin 5 da ƙaramin 2 a samanta su rubuta 10 maimakon 25. Akwai masu zaton tun da an ninka sannan aka nemi tushe, ai an koma inda aka fito, sai su ce 3 da 4 sun ba da 7, alhali wanda ya taɓa ratse fili maimakon ya bi ta gefensa ya san yanke ya fi zagaye kusa. Akwai kuma masu ɗora ƙa'idar a kan kowace alwatika da suka gani, ko da ba ta da digiri 90, wanda shi ne kuskuren da ya fi nuna an haddace ba a fahimta ba.

Za a iya nuna wa yaro dalilin ƙa'idar da kwali da almakashi, cikin darasi ɗaya. A yanko alwatika huɗu iri ɗaya masu gefe 3 da 4 da 5, a zana murabba'i a ƙasa mai gefe 7, wanda faɗin cikinsa 49 ne. A jera alwatikan huɗu a kusurwoyinsa huɗu, kowace tsayayyar kusurwarta tana cikin lungu, suna bin juna, sai a ga wani karkataccen murabba'i ya fito a tsakiya wanda kowane gefensa tsarkiya ce. Kowace alwatika ta cinye 6, huɗun sun cinye 24, saura 25 a tsakiya. Sannan a kwashe su a sake jera su bibbiyu, kowane biyu su haɗu ta tsarkiyarsu su zama ɗan allo mai 3 da 4, a ajiye ɗaya a wannan lungu, ɗaya a lungun da ke fuskantarsa. Filin da ya rage yanzu ya rabu gida biyu, murabba'i mai 9 da murabba'i mai 16. Ba a ƙara kwali ba, ba a rage ba, saboda haka filin da ya rage ɗazu shi ne ya rage yanzu. Kyawun wannan hujja shi ne ba ta dogara da 3 da 4 ba. Kowane yaro ya yanko tasa alwatikar da awon da ya ga dama, matuƙar tana da tsayayyar kusurwa, abin da zai gani ke nan.

Kada wani ya ce wannan duk wasan yara ne da ba ya taɓa aljihu. Mutum yakan sayi fuloti a ce masa hamsin da ɗari ne, a auna masa gefe huɗu a gabansa, ya ga ƙafa 50 da 100 da 50 da 100, ya biya ya tafi hankali kwance. Amma gefe huɗu ba sa tabbatar da kusurwa. In fulotin daidai yake, 50 sau 50 da 100 sau 100 za su ba da 12,500, kuma tushen wannan ƙafa 111.8 ne, wato ƙafa 111 da kusan inci 10, kuma haka ya kamata a samu ta kowane ɓangare in an ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. In kuwa kusurwar ta karkace da digiri 10, ɗaya ratsin zai kai kusan ƙafa 119, ɗayan ya tsaya wajen 104, filin kuma ya ragu daga murabba'in ƙafa 5,000 zuwa kimanin 4,924, ga shi kuma duk ɗakin da aka bi iyakar aka gina zai fito a karkace. Ni kaina na ɗanɗana, domin a ɗakin baƙin gidana, wanda wani magini ya fitar da harsashinsa da ido, sai ranar da aka zo sa tayil asiri ya tonu: layin ƙarshe ya fara da faɗin tafin hannu a bakin ƙofa ya ƙare da faɗin yatsa biyu a ƙuryar ɗaki, kuma har yau duk baƙon da ya zauna idonsa can yake zuwa. Haka kafinta mai rufin kwano: in faɗin gida mita 9 ne, rabinsa 4.5, aka ɗaga ƙololuwar rufin mita 2, katakon da zai gangaro daga sama zuwa kan bango zai zama tushen 24.25, wato mita 4.92, kafin a ƙara abin da zai leƙo waje ya kare bango daga ruwa. Wanda ya iya wannan ya san katakon da zai saya kafin ya je kasuwa.

Sunan Faitagoras da ke kan ƙa'idar ma yana sa yara su ɗauka wani abu ne na Turawa da aka ɗora musu. Mutumin an haife shi a tsibirin Samos na ƙasar Girka wajen shekara 570 kafin haihuwar Annabi Isa, amma fiye da shekara dubu kafinsa mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun san wannan lissafi. Akwai wani allon yumɓu nasu da ake kira Plimpton 322, wanda aka rubuta wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ajiye a Jami'ar Kolombiya a birnin Niyok, kuma layinsa na farko yana ɗauke da 119 da 169, waɗanda suke tafiya da 120 kamar yadda 3 da 5 suke tafiya da 4. Mai shakka ya gwada: 14,161 da 14,400 sun ba da 28,561, wanda shi ne 169 sau 169. A Indiya an rubuta ƙa'idar cikin littattafan da suke koyar da fitar da wuraren ibada da igiya da turaku, kuma sunan littattafan ma daga kalmar igiya ya fito. Mutanen Sin suna da tsohuwar tambayarsu ta gora mai tsayin awo 10 da ta karye kanta ya taɓa ƙasa nesa da gindinta da awo 3, a nemo inda ta karye, amsar kuwa 4.55. Yuklid na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya rubuta hujjarta a matsayin mas'ala ta 47 a kashin farko na littafinsa, ya bi ta da ta 48 wadda ta juya maganar, ta ce in gefe uku suka cika wannan sharaɗi to kusurwar tsayayya ce. Wannan ta 48 ita ce ainihin abin da maƙwabcina yake yi da igiyarsa.

Malaman Bagadaza ba a bar su a baya ba. Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a shekarar 901, ya gyara fassarar littafin Yuklid zuwa Larabci, ya kuma kawo tasa hujjar ta yanka da jerawa, dangin wadda na bayyana da kwali. Wanda ya fi burge ni shi ne Abul Wafa al-Buzjani, da ya rayu daga 940 zuwa 998, domin ya rubuta littafi sukutum a kan abin da masu sana'a suke buƙata na ilimin awo, ya kuma zauna a majalisar da ta haɗa masana lissafi da masu aikin hannu suna warware mas'ala tare. Ya lura masu sana'a suna da hannu amma wani lokaci dabararsu kusan daidai ce kawai, masana kuma suna da hujja amma ba su saba da aiki ba. Ramin da ya yi ƙoƙarin cikewa shekara dubu da suka wuce shi ne na gani tsakanin uba da ɗa a bayan garinmu.

Saura rabin darasin, wato inda aka san gefe ɗaya tak da kusurwa ɗaya, inda ake shigo da sain da kosain da tanjan. Nan ma mun mayar da abin waƙa, yara suna rera haruffa ba su san cewa kowane ɗaya daga ukun rabo ne kawai tsakanin gefe biyu ba. Alhali muna da mashiga a cikin addininmu. A mazhabar Malikiyya lokacin la'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ƙara inuwar da ta rage masa a lokacin zawali, kuma kafin agogo ya yawaita da awon inuwa ake gane shi. Mutum a tsaye, inuwarsa a kwance, hasken rana yana ratsowa daga kansa zuwa ƙarshen inuwar, ai alwatika mai tsayayyar kusurwa ke nan. Duk sa'ad da inuwa ta yi daidai da tsawon mai ita, rana tana digiri 45 sama da ƙasa, tanjan ɗin 45 kuwa 1 ne, kuma a wannan lokaci wanda ya auna inuwar hasumiya ya auna tsayinta ba tare da ya hau ba. Daga nan sai a matsa gaba: yaro ya tsaya nesa da gindin rimi da mita 20, ya hango ƙololuwarsa a kan digiri 35, ya ninka 20 da 0.7, wato tanjan ɗin 35, ya sami mita 14, ya ƙara tsayin idonsa daga ƙasa, a ce mita 1.5, ya sami 15.5. Ko mai haɗa sola a Kano, birnin da yake kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, in yana son ya karkata faranti mai tsawon mita 2 da digiri 12, sain ɗin 12 da yake 0.208 zai gaya masa ya ɗaga bayan farantin da kimanin santimita 42, ya kai wa mai walda awo maimakon ya ce masa ya ɗaga kaɗan.

Na san abin da malaman da ke aji yanzu za su ce, cewa aji ɗaya yana da yara fiye da yadda murya za ta kai, manhaja tana da tsawo, zango kuma gajere ne, kuma gaskiyarsu ne. Amma abin da nake roƙo ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko kwamfuta. Igiya ce a ƙulla mata ƙulli a rarrabe daidai, a haɗa bakinta biyu ta zama zobe mai gaɓa 12, yara uku su riƙe ta a gaɓa ta 3 da ta 7 da ta 12 su ja ta ta miƙe, tsayayyar kusurwa ta fito a filin makaranta. A ba su tef su auna ajinsu, su lissafa abin da ya kamata ratsin ya zama, su auna su gani ko wanda ya gina ajin ya yi aikinsa. Shugaban makaranta kuma ba zai rasa magini ko kafinta a cikin iyayen yara ba wanda zai ba da sa'a ɗaya ya zo ya fitar da kusurwa a gabansu, malamin lissafi ya karɓa daga nan ya nuna dalili. Masu shirya tambayoyin gwaji na cikin makarantu su ma su riƙa ware maki ga yaron da ya duba amsarsa ya faɗi ko ta shiga hankali.

Roƙona na ƙarshe ga masana harshe ne, musamman na Jami'ar Bayero da sassan Hausa na sauran jami'o'inmu. Alwatika da kusurwa da murabba'i sun zauna a bakin malamai, amma dogon gefen nan, da gefen da ke fuskantar kusurwa, da wanda ke maƙwabtaka da ita, kowane malami da abin da yake ce musu in ya juya harshe domin yara su gane. Ni tsarkiya nake cewa. In akwai kalmar da ta fi ta, ko wadda aka riga aka tsayar, ina fatan wani daga cikinsu zai rubuto ta a wannan shafi, in kai wa ɗan maƙwabcina, wanda yanzu shi yake lissafa wa mahaifinsa ratsin kowane ɗaki a bayan takardar siminti kafin a ja igiya.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani tsohon malamin lissafi,
Zariya.